Takardun Baba Albert

Duk wanda ya zauna a unguwar Romi ta Kaduna a ƙarshen mulkin soja ya san Baba Albert, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan da furfura ta riga shekarunsa, wanda in zai tsallaka titi sai ya duba hagu, ya duba dama, ya sake duba hagu, ko da babu ko keke a hanya. Yaran unguwa har kwaikwayonsa suke yi. Ni kaina na sha yi masa tsiya a bakin coci, in ce, "Baba, motar da kake jira ai tun jiya ta wuce." Sai ya yi murmushi ya ce, "Ruth 'yata, ni na san abin da mota ke yi wa mutum."

Ya kuwa sani. Shekara ashirin ya yi a wata masaƙa a Kakuri. Da ɗaukar dilolin auduga ya fara, har wani tsohon direba mutumin Makera, Malam Isiyaku, ya lura da natsuwarsa ya koya masa tuƙi. Daga nan aka ba shi bas ɗin da ke kwasar ma'aikata, ya riƙe ta shekara goma sha huɗu, ko kaza bai taɓa takawa ba. A shekarar 1999, ana ta murna soja sun koma bariki, ana cewa komai zai gyaru, sai masaƙar ta rage ma'aikata, sunansa ya fito. Ya dawo gida ya zauna da matarsa Celina da 'ya'ya huɗu. Mutumin da ya saba fita tun da sassafe ya koma share tsakar gida sau uku a rana.

Ni akawu ce a wata makarantar firamare ta kuɗi a nan Romi, ta Madam Hephzibah. Fayil, rajista, wasiƙu, duk a hannuna suke. Ana cewa bakina ya yi kaifi, ban kuma taɓa musu ba. Amma wannan labari ba na ba da shi da alfahari, domin ni ce na kawo Baba Albert neman aiki a makarantarmu, ni ce kuma na hana shi samu.

Sai na fara da Sam, in ba haka ba ba za ku gane ba. Sam shi ne direban bas ɗin yaranmu na farko. Ya zo da lasisi, da fara'a, da "yes ma" a kowace magana, wata 'yar cocin Madam ta ce yaron kirki ne, shi ke nan aka miƙa masa makulli. Ba wanda ya tambaye shi ko daga ina. Wata uku da fara aikinsa ya afka da yara goma sha takwas cikin kwalbati a hanyar Kachia, da rana tsaka, yana warin burkutu. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba. Amma Jessica, 'yar shekara bakwai, ƙafarta ta dama ta maƙale a ƙarƙashin kujera. Ni na riƙe ta a asibiti lokacin da likita ke duba ƙafar, kuma har yau in na rufe ido ina jin yadda ta damƙe rigata. Kafin a ankara Sam ya sulale. 'Yan sanda suka bi adireshin da ya bayar a unguwar Nasarawa, suka tarar da shagon injin niƙa. Lasisin ma na wani ne, hoto kawai ya canza. Daga baya muka ji wurare biyu sun riga sun kore shi saboda sha, kuma da mun tambaya da an faɗa mana.

Iyayen yara suka kafa kwamiti, suka ɗora baban Jessica, Mista Alexander, a kan shugabanci. Aka yi doka: daga yau ko mai shara za a ɗauka, sai ya cike fom, ya kawo mutum biyu da za su tsaya masa, a je gidansa, a je inda ya yi aiki a baya. Ni da shegen bakina na ɗaga hannu na ce bai isa ba. Na ce a Kaduna kowa baƙo ne, mutum zai iya hayar ɗaki yau ya sayi maƙwabta da lemo gobe, saboda haka a je har garinsu, a karɓo takarda daga coci ko masallacin da ya tashi a ciki. Aka tafa mini. Aka kuma ce tunda ni na kawo shawarar, ni zan riƙa zuwa. Sharaɗi na ƙarshe Mista Alexander ne ya faɗa, Madam ta rubuta da jan biro: duk wanda aka samu ƙarya ko ɗaya a fom ɗinsa, magana ta ƙare.

Da aka fara neman sabon direba ban yi tunanin kowa ba sai Baba Albert. 'Yata Mary tana cikin yaran da ke shiga bas ɗin nan, kuma shi kaɗai ne na san in ya ɗauke ta hankalina zai kwanta. Na kai masa fom har gida. Mama Celina ta kawo mini kunun zaƙi, shi kuma ya sa tabarau yana cikewa a hankali, harafi bayan harafi. Da ya zo wajen garin haihuwa da cocin da aka yi masa baftisma sai biron ya tsaya.

Ya ce, "Har can za a je?"

Na ce, "Har can, Baba. Kuma ni ce mai zuwa, sai ka shirya saƙon tsohuwarka."

Bai yi dariya ba. Mama Celina ta tashi ta ce bari ta duba tukunya, alhali ba abin da ke kan wuta. Ni mai wayo, mai gane maƙaryaci tun daga ƙofa, ban ga komai ba. Ya sunkuya ya rubuta sunan ƙauyensu da na cocinsu daidai, bai canza ko ɗaya ba.

Binciken cikin gari kamar yawon shan iska na yi shi. A masaƙa akawunsu ya zaro fayil mai kauri, ba takardar gargaɗi ko ɗaya, sai ta yabo har biyu. Maƙwabta suka ce in faɗa ya tashi a gidan haya shi ake kira. Na tsallaka Makera wajen Malam Isiyaku, na same shi a kan tabarma a ƙofar gida, ido ya fara rauni. Tun ban gama bayani ba ya ce in kawo takardar.

Ya ce, "Malama, Albert ne fa. Ko jikokina zan zuba masa a mota in juya baya. Ina zan sa hannu?"

Ranar Asabar na shiga motar Zonkwa, daga can na hau acaɓa zuwa ƙauyensu, da sabulu da sukari da Baba ya ba ni in kai wa mahaifiyarsa. Damina ta kusa ƙarewa, hanya duk taɓo. Na fara da coci don in gama da aiki tukuna. Faston matashi ne, Fasto Jethro, bai fi wata biyar da zuwa garin ba. Ya ɗauko tsohuwar rajistar baftisma ya bi da yatsa, ga suna nan, ga ranar haihuwa a 1951, daidai da abin da ke fom. Na buɗe jaka ina neman biro. Sai na ga ya ƙura wa sunan ido.

Ya ce, "'Yar'uwa, na san sunan nan a wani wuri. Zo mu je."

Ya kai ni bayan coci, wajen kaburbura. Yawancinsu tarin duwatsu ne, amma akwai ɗaya mai gicciyen siminti, an share kewayensa tas. An rubuta sunan da ƙusa tun simintin yana ɗanye. Sunan Baba Albert ne cikakke, da sunan ubansa, da ranar haihuwar da ke cikin jakata. A ƙasa an sa 1979. Ban san lokacin da na zauna a kan wani dutse ba. Abin da ya fara zuwa raina ba tausayi ba ne, haushi ne, irin na wadda aka mayar sakarya.

Gidan ba nisa. Na sami tsohuwar, Kaka Saraya, tana ɓarar gyaɗa a inuwar rumbu. Na gaishe ta, na ajiye sabulu da sukari, na ce daga Kaduna ne, wajen Albert. Ta dube ni, ta dubi faston da ke tsaye a bayana, ta ga takalmana da jar ƙasar maƙabarta. Ta ture kwanon gyaɗar gefe.

Ta ce, "Kin je kin gani ke nan. To zauna, 'yata, kada ki tafi da rabin magana."

'Ya'yanta maza biyu ne, in ji ta, Albert da ƙanensa Tanko, tsiransu shekara ɗaya. Albert ne ya gama firamare, shi ne mai satifiket, shi ke jan waƙa a coci. Tanko a aji uku ya tsaya, saboda ubansu ya mutu kuma dole wani ya riƙe gona. A shekarar da soja suka fara miƙa mulki wancan karon, takardar ɗaukar aiki ta zo wa Albert daga masaƙa. Saura kwana shida ya tafi maciji ya sare shi a gona, bai kai gari ba. Matasan coci suka yi masa gicciye. Bayan an watse daga makoki, ga ƙanne mata uku, ga rumbu ba komai, ga takarda a ƙarƙashin katifa babu hoto a jikinta.

Ta ce, "Ni na ɗauko na sa wa Tanko a hannu. Ya yi kuka, ya ce ba zai iya amsa sunan yayansa ba. Na ce zai iya. In laifi ne, nawa ne, ki rubuta haka. Dattawan garin nan duk sun sani, ba wanda ya taɓa buɗe baki. Yana zuwa Kirsimeti, amma ta bayan gari yake zagayowa, bai taɓa bi ta wajen cocin nan ba tun ranar."

Na koma ofishin fasto na yi ta fama da shi. Na ce ya rubuta cewa mutumin kirki ne ɗan garin nan, ya tsaya a nan, ai ba ƙarya ba ce. Ya ce fom ɗinmu suna ya tambaya, kuma shi ba zai buga hatimin coci a kan cewa wanda ke kwance a bayan ginin nan yana neman aikin direba ba. Na ce masa ya yi ƙuruciya da yawa. Ya ce ya yarda. Amma ya yi adalci, ba zan ci haƙƙinsa ba: ya rubuta abin da ke rajista da abin da ke kan gicciye, ya kuma rubuta cewa dattawa uku sun shaida Tanko mutum ne mai gaskiya da riƙon amana. Ya liƙe ambulan ya ba ni.

Ambulan ɗin nan ya kwana uku a jakata. Ranar Lahadi na ga Baba a coci da ɗamararsa ta masu nuna wurin zama, ya nuna mini benci kamar kullum, ban iya haɗa ido da shi ba. Litinin da aka tashi daga makaranta na wuce gidansa. Ban ko zauna ba.

Na ce, "Baba, ka san abin da zan tarar, ka bar ni na tafi? Har da ba ni sukari?"

Ya ce, "Na yi zaton tsohon fasto za ki samu. Shi ya sani."

"Me ya hana ka faɗa mini tun a nan?"

"In ce miki me, Ruth? Shekara ashirin ban faɗa da bakina ba. Celina ma a wajen tsohuwa ta ji."

Ya murza hular da ke hannunsa. Sai ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Ba za ki iya cewa ba ki sami faston ba?" Nan take kunya ta kama shi a gabana, babban mutum. Ya ce, "A'a, bari. Kada ki ɗauki ƙarya saboda ni. Wadda ke ƙasa ta isa."

Gaskiya ita ce, ko da ya faɗi haka ban yanke shawara ba. Zan iya yaga takardar. Wa zai bi sawuna har Zonkwa? Amma a makon nan ne Jessica ta dawo makaranta. Tagar ofishina tana kallon hanyar aji biyu, kuma da safiyar Talata na ji ƙarar sandarta a kan siminti, tana jan ƙafar, babanta yana biye da jakarta. Ni ce na tsaya a gaban mutumin nan na ce a je har gari. In na ɓoye wannan don na san Baba, ai na zama 'yar cocin nan da ta ce Sam yaron kirki ne. Na tashi na kai wa Madam ambulan ɗin.

Kwamiti ya zauna ranar Alhamis. Na yi faɗa, Allah ya sani na yi. Na baza musu fayil ɗin masaƙa, na ce lasisin nan shi ya je ya yi gwajin tuƙi da hannunsa ya ci, shekara goma sha huɗun nan shi ya tuƙa, ba mamaci ba. Na ce in suna neman wanda ya fi shi, su je su ƙera. Wata mata ta ce in rage murya, na ce ba zan rage ba. Mista Alexander ya bar ni na gama. Mutum ne marar hayaniya, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

Ya ce, "Malama Ruth, ban ce mugu ba ne. Wataƙila ya fi mu duka. Amma ranar da 'yata ke kwance, 'yan sanda sun tambaye ni wa ya tuƙa motar, na ba su suna, sunan ya kai su shagon niƙa. In gobe wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, wane suna zan ba su? Na wanda ke kabari? Mu ba mu iya ganin zuciyar mutum. Takarda muke iya gani, shi ya sa muka ce ta zama gaskiya. In muka ɗaga wa wannan ƙafa don kin san shi, na gaba wa zai san shi?"

Madam ta nemi mafita. Ta ce a kira Baba, in zai kawo takarda ko ɗaya da sunan Tanko, za a sake dubawa. Ya zo washegari da wata tsohuwar jakar leda ya zazzage a kan teburina. Lasisi, takardar aure, takardun haihuwar yara, katin asibiti, har katin zaɓen da ya jefa ƙuri'a da shi a farkon shekarar, duk Albert. Babu ko guntun takarda a duniya da ya san an haifi wani Tanko. Aka ce ya je kotu ya yi rantsuwar canza suna. Ya ce in ya tsaya a gaban alƙali ya faɗi haka, lasisin ya mutu, haƙƙinsa na barin aiki da ke masaƙa ya shiga rigima, kuma wa ya san ko za a ce a kamo tsohuwa. Ya tattara takardunsa ɗaya bayan ɗaya, ya yi wa Madam godiya, ya yi mini godiya. Godiyar nan ta fi zagi ciwo.

Aka ɗauki wani Ben. Ni na bincike shi, har garinsu na je, takardunsa tsaf, ba inda za ka sa yatsa. Da hannu ɗaya yake tuƙi, ɗayan yana kan rediyo. Ba abin da ya faru, ina kuma roƙon Ubangiji kada ya faru. Amma kullum Mary ta shiga motar nan sai in yi ta duban hanya har ta sauka.

Maganar ba ta tsaya a ɗakin taro ba, kwamiti mai mutum tara ina za ta tsaya. Kafin sati biyu Romi duk ta ɗauka. Dattawan cocinmu suka ce ya ɗan ajiye ɗamarar tukuna har a yi addu'a a kai, ba a kuma sake mayar masa ba. Wani mai gidan burodi a Mahuta da ya yi masa alkawarin mota ya aiko cewa ya sami wani. Yara marasa kunya suka daina kwaikwayon tsallaka titinsa, suka koma kiransa fatalwa suna gudu. Na kama ɗaya na murɗe masa kunne har uwarsa ta zo, muka yi ta. Mama Celina ba ta sake amsa gaisuwata ba, ban kuma ga laifinta ba. Shi kuwa ya sami kurar ruwa ta haya, yana tura jarkoki goma daga rijiyar burtsatse zuwa gidaje.

Wata safiya a Disamba na haɗu da shi a bakin babban titi, ya tsayar da kurar yana jira ya tsallaka. Ba hanyar kaucewa. Na rusuna na ce, "Ina kwana, Baba," na haɗiye sauran, don ban san wane suna zan ɗora ba. Ya amsa da fara'a, ya tambayi Mary. Sai ya matso kaɗan.

Ya ce, "Ruth, tun ranar nake son tambayarki. Wurin nan, da ciyawa?"

Na ce, "Babu, Baba. An share tas. Tsohuwa ce ke sharewa."

"Rubutun fa? Ana iya karantawa?"

"Ana iya karantawa."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, "To madalla. Bana zan bi ta gaban coci. Na riƙe masa abinsa ya daɗe."

Na ce, "Baba, ni yanzu da wane suna zan riƙa kiranka?"

Ya buɗe baki ke nan sai ga bas ɗinmu ta taho a guje, waƙa tana tashi, Ben ya zuba hannu ɗaya a taga. Mary ta leƙo tana ɗaga mini hannu. Baba ya saki kurar ya ɗaga tafinsa yana yi wa direban alamar ya rage gudu, bai sauke ba har motar ta sha kwana. Ben ko kallonsa bai yi ba.

Ban sake tambaya ba. Ya kama hannun kurar, ya duba hagu, ya duba dama, ya sake duba hagu, sannan ya tura.